Zauren Malam Haladu

Istanbul, 19 ga Afrilu

Zuwa ga Gwaggo Yalwa,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, da fatan an yi Sallah lafiya. Yaya jiki, yaya Sadiya da sauran mutanen Makera? Ni lafiyata ƙalau, sai mura da ta ƙi sakina tun da aka fara sauyin yanayi a nan.

Na zaɓi rubutu ne don na san halinki da waya. Kafin mutum ya gama gaisuwa kin ce kunnenki ya yi zafi kin kashe. Ɗanki Yaya Auwal ya ce zai riƙa buga miki wasiƙata a takarda, ke kuma ki rubuta amsa da hannunki, ya ɗauki hotonta ya turo mini.

Ya gaya mini za a gyara gida kafin Babbar Sallah, tunda amaryarsa a nan za ta tare. Ya sa Friday birkila ya auna ko'ina ya aiko mini. Gwaggo, ko da yake Babana ɗan baffanki ne kawai, kuma sau ɗaya na taɓa hutu a gidanki ina 'yar shekara tara, ban manta gidan nan ba. Shekara biyar ina karatun zanen gini da tsara cikin gida, ban taɓa zana wa nawa komai ba. Ina so naki ya zama na farko.

Makon jiya na shiga wani ɗakin karatu a bakin ruwa. Bango ɗaya gilashi ne tun daga ƙasa har sama, babu katanga ko ɗaya a ciki, haske yana zagaya ɗakin daga safe har yamma. Awa biyu na yi a zaune ban buɗe littafi ba. Ɗakinki na tuna, wanda sai an kunna fitila da rana tsaka kafin a zura zare a allura. Tun ranar na kasa zama, sai da na gama zanen nan.

Ga yadda na tsara. Kicin zai dawo kusa da ɗakinki, da taga babba da wurin wanke-wanke a tsaye, ki huta da durƙuso. Ɗakinki zai sami taga biyu. Zaure kuwa, Friday ya rubuta cewa babu komai a cikinsa sai tabarma da dakali, ga shi ya cinye gaban gida gaba ɗaya. Na cire shi. Rabin wurin zai zama garejin motar Yaya, rabi ya shiga falo, da gilashi mai kallon tsakar gida.

Ki duba ki faɗa mini gaskiya.

'Yarki, Murjanatu

Makera, Kaduna, 24 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Murja,

Wa'alaikumus salam. Mun sha ruwa lafiya, mun yi Sallah lafiya. Jiki da sauƙi, sai zafin garin nan da ya hana kowa sukuni. Ki nemi citta da kanumfari ki dafa, murar za ta sake ki. In babu citta a garin naku, ki dawo gida.

Na ga zane. Na juya shi sama na juya shi ƙasa, sai da Sadiya ta nuna mini inda ƙofa take. Allah ya yi miki albarka, karatu ya karɓe ki. Kicin ɗin nan ya yi mini, don gwiwoyina sun gaji da durƙuso a bakin murhu. Taga biyu ma na gode, ko da yake ban san me zan kalla ba banda katangar Malam Idi.

Gilashin nan da ya tashi daga ƙasa har sama ne ban gane ba. Ni tarwaɗa ce da za a sa a kwalba a riƙa leƙe? Amma yayan Sadiya ya ce haka ake yi yanzu, kuma akwai labule. To, na ji.

Abu ɗaya nake so ki gyara. Ki bar zaure yadda yake. Duk gidan nan babu inda ya kai shi sanyi, in zafi ya tsananta nan iska take shigowa. Kuma nan ake tuɓe takalma. Motar ta ci gaba da kwana a gidan man da take kwana, ai ba ta taɓa kawo ƙara ba.

Zan tsaya nan, don mai ɗaukar hoton yana tsaye a kaina yana karantawa tun biro bai bushe ba, har ya fara ɓata rai a kan maganar mota. Ki gaida malamanku.

Gwaggonki, Yalwa

Istanbul, 27 ga Afrilu

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sha cittar, mura ta gudu. Na ga har yanzu ba kya rubuta sunan Yaya Auwal, sai "yayan Sadiya". Kunyar ɗan fari har a takarda? Ya kusa shekara arba'in fa.

Maganar sanyi ta faranta mini rai, don a kanta na fi ƙwarewa. Ba zauren ne ke kawo sanyi ba, kaurin bangonsa ne da yadda ƙofofinsa biyu ke jan iska. Na sake zane. Saman bangon falo zai zama da bulo mai huda-huda, rufi ya ƙara tsawo, iska ta shiga ta gabas ta fita ta yamma. Wallahi sai kin nemi mayafi da rana. Takalma kuma na yi musu akwatin katako a bakin ƙofa, mai hawa uku, da wurin zama a kansa.

Kin ga an gama da zaure ke nan. Ki kwantar da hankalinki.

Murja

Makera, 2 ga Mayu

Murjanatu,

Bayan gaisuwa, muna nan lafiya. An yi yayyafi shekaranjiya, ƙasa ta yi ƙamshi, sai kuma zafin ya dawo da ƙarfinsa.

Ke dai akwai ki da saurin amsa. Na ce sanyi, kin kawo bulo mai huda. Na ce takalma, kin kawo akwati. In na ce aljanu ne a zauren, na san za ki zana musu ɗaki da banɗaki.

To ki saurara. Gida ba na mutanen cikinsa ne kaɗai ba. Akwai masu sallama. Mutum zai zo, namiji, ba muharrami ba, a ina zai tsaya? A titi, keke na bi ta kan ƙafarsa? Ranar da maigidana Malam Haladu ya rasu, a zauren nan maza suka zauna kwana uku. Da hannunsa ya gina dakalin ciki, shekarar da ya fara aiki a masaƙar Kakuri. Ban ce kada a yi fenti ba, ban ce kada a sa tayil ba. Ku yi masa duk kwalliyar da kuke so, amma a bar shi a tsaye.

Kwana biyun nan ba na iya zama wuri ɗaya. In na ɗauki ɗinki sai in ajiye, in na ɗora tukunya sai in manta gishiri. An sauke yashi da bulo a ƙofar gida, kullum sai na leƙa su.

Ki sake karanta wasiƙar nan a hankali, Murja. Ba duk abin da ke cikin mutum ne yake hawa takarda ba.

Yalwa

Istanbul, 6 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina fatan an tashi lafiya.

Na karanta sau uku kamar yadda kika ce, kuma na fahimta. Kina ganin yarinya ce ni, na je ƙasar wasu na ga gilashi, zan zo in rushe abin da Baba Haladu ya gina. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya sosa mini rai. Ni ba raina ginin gargajiya nake ba, a kansa ma na yi rubutun ƙarshen shekara. Amma gida na masu rai ne. Yaya ya ce yanzu babu mai zama a zauren nan, sai wani tsoho da ke leƙowa jifa-jifa. Za a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na fili don mai leƙowa?

Masu sallama na sa musu ƙararrawa a bakin get, da ɗan abin magana, daga kicin za ki ji ki amsa. Baƙin kunya su shiga falo, shi ya sa aka yi shi babba. Taron suna ko na rasuwa, Allah ya nisanta, yanzu kowa rumfar haya yake kafawa. Dakalin Baba kuwa ba zan bari ya salwanta ba. Na rubuta wa Friday ya ciro dutsen samansa a hankali, a mai da shi wurin zama a tsakar gida, ƙarƙashin lemon nan.

Yaya ya ce kun yi magana, kin ce ya yi abin da ya ga ya dace. Don haka na tura masa zanen ƙarshe. Jibi za mu tafi wani gari a kan duwatsu don aunon tsofaffin gidaje, sati uku, kuma an ce waya ba ta kamawa sosai. In na dawo ina so in ga hotonki a sabon kicin kina dariya.

'Yarki, Murja

Makera, 10 ga Mayu

Murja,

Wannan ba ta hannun yayan Sadiya za ta bi ba. Hajiya Kuluwa maƙwabciyata, mai zuwa garinku saro atamfa da mayafai, ita na ba a ambulan na liƙe. Lafiyarmu lau. Ki yi haƙuri da gajartar gaisuwa, cikina a cike yake.

Ba raina ki na yi ba. Na ce masa ya yi abin da ya ga ya dace ne don ya tsare ni da ido, ni kuwa ban taɓa iya jayayya da shi fuska da fuska ba. Kin san yadda muke da ɗan fari. Tun yana jariri a gaban mutane ko ɗaukarsa ba na yi, yau kuma in zauna in buɗe masa cikina? Duk wasiƙun da na aiko miki idonsa ya riga naki bi ta kansu, shi ya sa nake ta zagaye-zagaye kamar mai neman allura.

Tsohon nan da aka ce yana leƙowa, sunansa Jethro. Mutumin kudancin jihar nan ne, Kirista. Shi da Malam Haladu inji ɗaya suka tsaya a kai a masaƙa shekara ashirin da wani abu. Ranar Alhamis suke tashi daga aiki da wuri, sai su taho nan su zauna a zaure su yi dara har la'asar. Masaƙa ta rufe, bai daina zuwa ba. Shekarar da gari ya rikice ya kwashe iyalinsa ya koma Sabon Tasha, mutane da yawa suka yanke zumunci, shi bai yanke ba. Shekara arba'in ke nan, kuma bai taɓa wuce ƙofar zaure ta ciki ba. Bai san kalar tsakar gidana ba.

Da Malam ya rasu, shekara bakwai ke nan, na ɗauka shi ke nan. Alhamis ta farko bayan na fita takaba, ƙarfe biyu, sai na ji sallamarsa. Na rasa yadda zan yi. Na ɗauki kujerata na ajiye a bayan ƙofar ciki, na saki asabari, na amsa. Ya zauna a dakali, ni ina ciki. Sadiya ta kai masa kunun gyaɗa. Tun ranar haka muke yi.

Za ki ce me muke cewa. Babu komai. Farashin tumatir, ciwon baya, wa ya mutu. Amma yakan ba ni labarin Malam yana saurayi, abubuwan da ni matarsa ban taɓa ji ba. Shi ya gaya mini Malam ya taɓa yin waƙa a bikin ma'aikata har aka yi masa tafi, mutumin da ko gunguni ban taɓa ji ya yi a gida ba. Duk duniya Jethro kaɗai ya rage da ya san mijina kafin furfura. Matarsa ma ta rasu. In ya yi maganarta ni nake saurara.

Murja, ina jiran Alhamis. Na faɗa. Tun Laraba nake jiƙa gyaɗa. In ya makara sai in ji haushi, in bai zo ba makon ba ya yi mini daɗi. Babu wani abu a ciki da zan ji kunyar Allah a kansa, amma bara yayan Sadiya ya ce mini, "Inna, mutane fa suna da baki." Ranar ban ci abinci ba.

In aka rushe zaure, ba shi da wurin zama. Ba zai shiga falo ba, na san shi. Ni kuma ba zan fita titi in tsaya da shi ba. Ƙararrawar da kika sa, ta ina za a miƙa kunu?

Ga roƙona. Ke yake jin maganarki, don ke ce mai takarda. Ki samo dalili irin naku. Ki ce bangon zauren ne ke riƙe da gidan, ko ki ce ƙasan wurin ba zai ɗauki mota ba, duk abin da kika ga zai shiga kansa. Kada ki ambaci Jethro. Ki yi sauri, don Friday ya ce ta baya zai fara ya taho gaba.

Ki ƙona takardar nan in kin karanta.

Gwaggonki

Makera, 21 ga Mayu

Murja,

Gaisuwa. Muna lafiya, da fatan kin sauko daga kan duwatsun lafiya.

Shiru na ji. An gama kicin, an fasa tagogina, gida duk ya zama kango, a ɗakin Sadiya nake kwana. Friday mutumin kirki ne, amma hannunsa da sauri kamar ana korarsa. Na ce ya huta kwana biyu ya je ya ga iyalinsa, ya yi dariya ya ce Oga ya ce kafin Sallah. Ran Litinin zai taɓa gaba.

Na aiko miki da ɗan yaji da daddawa ta hannun Hajiya Kuluwa. Ki neme ta ki karɓa, kada su lalace. Ki neme ta yau, ba gobe ba.

Yalwa

Istanbul, 1 ga Yuni

Gwaggo,

Wannan ta wayar Sadiya na turo, na ce ta miƙa miki wayar ki karanta da kanki. Ina gaisuwa, ban ma san da wane baki zan gaishe ki ba.

Tafiyarmu ta ƙara kwana biyu. Na ga gajeriyar wasiƙarki tun ina can, na yi dariya na ce Gwaggo da daddawarta, ai ba ta lalacewa. Hajiya Kuluwa ta neme ni ba ta same ni ba, ta bar saƙon a shagon da take sari. Sai jiya na je na karɓa. A cikin motar haya na buɗe ambulan, na wuce tashata ban sani ba.

Nan take na kira Yaya. Na ce masa na sake lissafi, bangon zaure ba zai taɓu ba. Ya ce, "Wane bango? Tun Talata aka kwashe ɓaraguzansa, har an zuba kankaren ginshiƙai." Ya turo mini hoto yana murna. Na daɗe ina kallon wurin.

Gwaggo, ki yafe mini. Sau biyu kika ce a bar shi, sau biyu na ɗauka jarrabawa kike mini, ina ta kawo amsa. An koya mana kafin ka zana gida ka tambayi wa yake shiga, yaushe, ina yake zama. Na ci wannan darasin da maki mai kyau, na zo kan gidanki na tambayi tef ɗin awo. Da aka ce wani tsoho yana leƙowa, ko sunansa ban tambaya ba.

Tun jiya nake zane. Akwai ɗan fili tsakanin get da bangon falo, taku huɗu da rabi. Za a iya yin rumfa mai rufi, da benci na siminti, da ƙaramar taga mai asabari da ta buɗe cikin falo. Zai zauna a inuwa, ke kina ciki, kwano zai wuce ta tagar. Na ce wa Yaya wurin jiran baƙi ne. Ya ce sai bayan biki, yanzu babu lokaci. Zan ci gaba da matsa masa har ya gaji da ni.

Alhamis ta wuce shekaranjiya. Ya zo? Don Allah ki faɗa mini, na kasa cin abinci.

Ban ƙona takardar ba tukuna. Zan ƙona.

Murja

Makera, 28 ga Yuni

'Yata Murjanatu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Mun yi layya lafiya, amarya ta tare, yarinya ce mai hankali. Damina ta zauna sosai. Ki yafe mini shirun, ba fushi nake ba. Ban san abin da zan rubuta ba ne sai yau. Wannan ma ta wayar Sadiya za ta zo. Ki ci abinci.

Gida ya yi kyau, ba zan tauye miki ba. Ina zura allura da rana ba fitila. Iskar da kika yi alkawari tana shigowa. Matan unguwa sai zuwa kallo suke, wata har ta buga goshi a gilashi.

Kin tambaya ko ya zo. Ya zo, Alhamis ɗin da aka rushe. Ina kicin na ji sallamarsa daga titi, sau biyu, ta uku a hankali. Yayan Sadiya yana wurin da ma'aikata, kuma ya yi abin kirki, ya gaishe shi da ladabi ya ce, "Baba, shigo daga ciki mana, ga kujera a tsakar gida." Ina laɓe a bayan tulin bulo ina ji. Jethro ya ce, "A'a, ɗana. Haladu bai taɓa shiga da ni ba yana raye, ba zan shiga a bayan idonsa ba. A gaida Hajiya." Ya ba Friday ƙullin cittar da ya kawo mini ya juya. Kunun yana cikin kwano a hannuna har ya huce.

Alhamis uku suka wuce babu shi. Kowace Laraba sai in tsinci kaina ina jiƙa gyaɗa. Ƙararrawarki in ta yi ƙara sai in zabura, in na amsa mai gyaran famfo ne ko mai kawo gas. Na zagaya falon nan har na san yawan tayil ɗinsa.

Jiya na gaji. Na yafa mayafi, na zuba kunu a fulas, na sami yayan Sadiya yana goge motarsa a gareji. Na ce, "Sabon Tasha za ni, gaida abokin mahaifinka." Na dai faɗa. Ya sunkuyar da kai, ya ce zai kai ni. Na ce ya yi zamansa, Sadiya ta ishe ni.

Mun sami gidan da tambaya. 'Yarsa Scholastica ce ta buɗe, ta rungume ni kamar ta san ni, wai kullum ana maganata. Shi yana zaune a baranda. Da ya ji muryata ya miƙe a ruɗe, ya rasa inda zai sa hannunsa. Kin san abin da ya yi? Ya ce Scholastica ta shiga da ni ɗaki, ta saki labule. Shi ya ja kujerarsa bakin ƙofa daga waje. Sannan ya gyara murya ya ce, "Hajiya, yaya gida?" Ni da Sadiya da Scholastica muka yi dariya har da hawaye, shi ko a jikinsa. Muka yi hirarmu. Ya sha kofi biyu, ya ce gyaɗar bana ba ta kai ta bara ba.

Zanen rumfa ya yi kyau, na gode, amma ki naɗe shi ki ajiye. Ga dalili.

Ban taɓa zuwa Sabon Tasha ba sai jiya. Keke biyu muka hau, muka sauka a Unguwar Talbijin muka tsaya jiran ta biyun cikin yayyafi. Inda ta sauke mu ba nan ne gidan ba. Sai an gangara wani lungu mai santsi, a tsallaka kwata a kan katako ɗaya, a sake hawa tudu. Sau biyu na tsaya ina haki, Sadiya na riƙe da ni. Ni da ya girme ni da shekara goma.

Da za mu tafi Scholastica ta rako mu. A bakin katakon nan ta ce mini gwiwarsa ta dama ta daɗe da lalacewa, shekara biyu ke nan likita ya hana shi doguwar tafiya. Sun yi faɗa da shi sun gaji. Duk Alhamis in ya dawo sai an gasa masa ƙafar da ruwan zafi, Juma'a kuma a kwance yake wuni. In sun ce ya bari, sai ya ce akwai wadda ta ɗora kunu.

Murja, ban sani ba. Ta bayan asabari ba a ganin ɗingishi, shi kuma bai taɓa faɗa ba. Shekara bakwai ina ganin ni ce nake masa alfarma da na bar masa zauren abokinsa. In ya makara da rabin awa har gori nake masa, in ce kunu ya huce. Na tsaya a bakin kwatar nan na yi kuka a gaban yara, ban ji kunya ba.

Kada ki gina masa wurin zama. In kika gina zai zo, ƙafar kuma ba za ta kai shi wata shekara ba. Na gaya wa Scholastica ta ce masa ya zauna inda yake. Alhamis mai zuwa ƙarfe ɗaya zan fita, don in isa kafin biyu.

Gwaggonki, Yalwa